Ranar da Na Roƙi Yayana Ya Faɗi

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu a shanya, ba zan manta Asabar ɗin da na hau benci a bakin fili ina ihu yayana ya faɗi ƙasa ba. Shekarata goma sha uku a lokacin, yanzu sha bakwai, kuma har gobe ban tuba ba.

Yayana ɗan wasan zari-ruga ne, wanda a nan Greensboro ta Amurka ake ce wa ragbi. Ƙwallo ce mai kama da ƙwan jimina, ƙarti goma sha biyar a kowane ɓangare, kowa yana neman ya kutsa da ita bayan layin abokan karawa ya dangwala ta a ƙasa. Yaya kuwa wuyansa kaɗai ya fi ƙuguna kauri. In ya shigo falonmu sai an fitar da kujera ɗaya waje kafin a samu iska. Da safe yana dakon kaya a wani sito, da yamma yana atisaye. A shekarar ce wata ƙungiyar ƙwararru daga wata jiha ta ce za ta turo mutum ya kalle shi a wasan ƙarshe, in ya yi musu su ɗauke shi. Abin da yake nema ke nan tun yana lekol, wato makaranta. Amma ya ce ba zai sa hannu a takardar kowa ba sai da albarkar Baba.

Babanmu tsohon ɗan kokawa ne a ƙauyensu can Nijar, kafin ya zo nan ya kama yankan nama a wani shago a Gate City Boulevard. A kokawa faɗuwa ɗaya ce tak. Bayanka ya taɓa ƙasa, makaɗa su koma wajen wanda ya ka da kai, kai kuma ka nemi hanyar gida. Baba bai taɓa kallon zari-ruga ba ko na minti ɗaya. Muna cin tuwo ya suɗe hannu ya ce da ɗan Faransancinsa, “Bon. Zan je in gani da idona. In aka tashi bayansa bai taɓa ƙasa ba, ya tafi da albarkata. In aka ka da shi a gabana, ya ajiye wasan.”

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Baba.”

Saura kaɗan loma ta kashe ni. Wannan fa wasa ne da ko alƙalin wasa yakan sha ƙasa. Na bi shi har wajen mota na ce, “Yaya, ka haukace ne? Ka gaya masa mana!”

“Auta, ba a yi wa Baba gardama.”

“Ai ba gardama ba ce, bayani ne.”

“A wurinsa duk ɗaya ne.”

Ranar wasan muka nufi wani fili can wajen McLeansville. Baba ya ɗauko amininsa, wani Alhaji mai ɗan gemu, kowa da babbar riga da kujerar naɗewa. Aka aike ni mota in ɗauko filas ɗin shayi, makulli ya zauna a hannuna. Can gefe na hango baƙon da aka turo, wani Bature mai hular hana-sallah da littafi a cinya.

Aka busa usur, sai na ga abin mamaki. Yayana da ya saba ratsa mutane kamar kamiyon ɗaukar kaya wanda birkinsa ya tsinke, ya koma tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka. Ƙwallo na zuwa hannunsa sai ya cilla wa na kusa, kamar garwashi aka ba shi. Wani ya taho da gudu, maimakon ya rungume shi su zube tare kamar yadda ake yi, sai ya ɗan shafa masa kafaɗa, ka ce gaisuwar Sallah suke yi. Kocinsu ya yi ihu har muryarsa ta koma ta ɗan akuya. Kowa ya yi dumu-dumu da taɓo, rigar Yaya kuwa fes, za a iya zuwa masallaci da ita.

Baba yana ta murmushi. “Ka gani, Alhaji? Duk sun sha ƙasa ban da shi.”

“Ai gidan kokawa ya fito,” in ji Alhaji, yana kurɓar shayi.

Na waiwaya, na ga Baturen ya rufe littafinsa ya ciro waya. A nan ne kaina ya buɗe. Na ɗare benci na kwarma ihu da Hausa, “Yaya! Ka faɗi! Don girman Allah ka faɗi! Mutumin zai tafi!”

“Ke!” in ji Baba. “Baki za ki yi masa?”

Yaya ya jiyo ni. Ya kalle ni, ya kalli Baba, ya kalli baƙon. Da ƙwallo ta sake zuwa sai ya matse ta a ƙirji, ya sauke kafaɗa, ya shiga cikinsu. Mutum uku suka taru a kansa kafin ya kai ƙasa, kuma na rantse har a Elm Street can cikin gari sai da kofuna suka motsa.

Baba ya miƙe ya naɗe kujerarsa. “Tashi, Alhaji, an gama. Auta, kawo makulli.”

“Ba zan bayar ba.”

Ban taɓa faɗa masa haka ba tun da aka haife ni. Na sa makullin a benci na zauna a kai. Na ce, “Baba, ka sa masa sharaɗi a kan wasan da ba ka sani ba, shi kuma kunyarka ta hana shi faɗa. A nan wanda ba ya faɗuwa shi ne rago. In ka tafi yanzu ka cuce shi.”

“La’ilaha illallahu!” in ji Alhaji. “Yau ga ’yar Amurka!”

Baba ya zuba mini idon da yake yi wa rago kafin yanka. Na ce a raina, to, a gaishe mini da Mama. Sai Alhaji ya ja masa hannun riga. “Kai, tsaya. Ya tashi fa! Kuma ba wanda ya kore shi!”

Baba ya juya daidai lokacin da wani ƙato mai jan gemu ya taho da ƙwallo. Yaya ya duƙa, ya rungumo cinyoyinsa biyu, ya shimfiɗe shi kamar tabarma. Wallahi na ga ƙafar Baba ta motsa da kanta. Bai zauna ba, don zama zai nuna na ci shi ke nan. Haka ya ƙare wasan a tsaye, kujera a hamata, yana gunaguni, “Ƙasa-ƙasa, kai! Kama ƙugu!” Baturen kuwa ya mayar da waya aljihu.

Da aka tashi Yaya ya zo ya durƙusa gaban Baba, taɓo har cikin kunne. Baƙon yana tsaye nesa kaɗan yana jira. Yaya ɗan fari ne, kuma a al’adar su Baba ba a kiran sunan ɗan fari, balle a yabe shi ido da ido. Don haka ni ya kalla.

“Sau nawa aka ka da shi?”

“Na daina ƙirga a tara.”

“Shi kuma ya ka da nawa?”

“Duk garin, Baba.”

Baba ya gyara kujerar da ke hamatarsa. Sannan ya ce, “Gaya wa yayanki wannan ba kokawa ba ce, dokar kokawa ba ta hau kanta ba. Ya je, mutumin can yana jiransa. Allah ya yi masa albarka. Kuma ya riƙa duƙawa sosai, yana tsayawa ƙiƙam kamar falwaya.” Ya miƙo mini tafin hannu. “Makulli. Da wayarki. Sai bayan wata guda.”

Yanzu Yaya yana kakar wasansa ta huɗu ke nan a ƙungiyar. An yi masa aiki a kafaɗa sau ɗaya, ya warke ya koma. Ni kuma abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kowane shiru ne ladabi ba. In babba ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, kowa ya sunkuyar da kai, to dole a samu mai ƙarancin kunya guda ɗaya da zai buɗe baki, ya kuma sha hukuncinsa ba tare da kuka ba. A gidanmu ni ce, kuma ban nemi a canza ni ba.