Ka Je Asibiti, Ka Gyara Musu Monita

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layin masu gyara suka sani da Mai Dalma. Ciwon ƙoda ne ya zama ajalinsa. Yau kwana tara ke nan, kuma har yanzu fushi nake da kai, Yaya. Kowa sai haƙuri yake ba ni, amma ba zan yi maka ƙarya a rubuce ba.

Shekara ashirin da shida ka yi a wannan ɗan shago mai warin hayaƙin dalma. Tsohuwar monitar kwamfuta da kowa ya fid da rai da ita, wadda sai an danna sau biyar kafin ta kawo haske, kai sai ka kwance bayanta, ka gyara zaman tabarau, ka nuna wa mai ita wasu 'yan gwangwanaye da ba su kai kan yatsa ba.

"Ka ga wannan kafasitar? Kanta ya kumbura. Lafiyayya kanta a shafe yake. In ka ga kumburi, kada ka jira gobe."

Sai ka narka dalma, ka zare ta, ka dasa sabuwa. Na tuna shugabar makarantar da aka ce ta zubar da monita takwas. Ka tayar da bakwai, ka yi ta ba ta haƙuri a kan ta takwas kamar kai ka kashe ta.

To, kai da idonka ba ya kuskure kumburin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, yaya aka yi ka kasa ganin ƙafafunka? Wata da watanni suna hawa. Takalmi ya ƙi shiga, ka koma silifas. Silifas ya matse, ka sa almakashin aikinka ka faɗaɗa maɗaurin. Matarka ta yi magana har bakinta ya gaji. Na yi magana, ka ce mini, "Auta, zama ne ya yi yawa."

Ni na yanka maka kati, na raka ka har ƙofar asibiti, na wuce wajen aikina. Da yamma na kira, ka ce, "Na je, an gama komai." Na yarda, don ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Wautata ke nan, kuma ita ma ban yafe wa kaina ba.

Sai bayan wata huɗu, ranar da muka kai ka ranga-ranga, na ji gaskiya. Ma'aikaciyar da ke rubuta sunayen marasa lafiya ta gane ka. Ta ce a wancan zuwan monitarta ce ta ɗauke, layi ya tsaya cak, tsofaffi da masu goyo suna ta jira. Ka fita daga layi, ka rungumi monitar da waɗannan ƙafafun, ka kai shago, ka canza kafasita uku. Ka dawo da ita layi ya motsa, amma kafin a zo kanka likita ya tashi.

"Wallahi Hajiya, tun ranar ko ƙyaftawa ba ta sake yi ba," in ji ta. "Da sunansa ma muka gwada ta."

Ta juyo mini da ita. Ga sunanka nan tar, ga kwanan wata, gurbin bayanin likita kuwa wayam. Ma'aikatan sun ga hasken monita, sun yi maka godiya, amma a cikinsu babu wanda ya sunkuya ya dubi ƙafar mutumin da ya kawo ta. A asibiti fa! Likita ya ce mini da a lokacin aka duba ka, da akwai abin yi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma wannan maganar ta ƙi barin kunnena.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka uku, da abokan sana'arka. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ce na fi kowa buƙata. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya saka maka da ladan duk wanda ya ga likita a ranar da ka bar masa layinka.