Guzurin Inna

Shekarar fari, zamanin soja, yayana ya biya wa Inna kujerar Makka. Ni ina goyo a Korgom, na san Tasawa ma wuni ce a amalanke, balle Jidda. Me za ta ci a hanya? Na kwashe ɗan geron da ya rage mana, na daka mata garin guzuri.

Inna ta yi dariya. "Ke 'yar nan, yayanki ya ce in jirgi ya bar Yamai da hantsi, a Jidda za mu yi magariba."

Ban yarda ba, na cusa mata jakar garin dole.

Bayan sun tafi na ɗaga shimfiɗar ɗiyata, sai ga jakar. Cikin hannu ɗaya kawai Inna ta ɗiba. Kunun garin na riƙa sha ina shayarwa har ta dawo.