Katangar da Injiniya Sabo Ya Gina

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Sabo Ɗanladi a gidansa da ke garin Mitchellville, a nan ƙasar waje.

Injiniya, kai ka koya mini ces, darar Turawa, lokacin da na zo ƙasar nan daga Kafanchan ban san kowa ba. Da aikin jinya ya ɗaure ni a garin Silver Spring, haɗuwa ta yi wuya, sai ka ce mu riƙa bugawa ta gidan waya, kowane kati motsi ɗaya. Na ce ga waya a aljihu, me ya yi zafi? Ka ce, "Yashim, abin da aka yi da gaggawa ba ya zama a rai." Gaisuwa ce ke cinye katinka: iyali, gajiya, mutanen gida. Motsin kansa yana can ƙasa a maƙale. A garin da nakan yi mako ban ji Hausa ba, katin nan ne gida a wurina.

Kullum da sojan gaban sarki kake buɗe wasa, ka afko mini ba ko sallama, kafin in farga ka gama da ni. A wasan bara kuwa ka sake hali. Ka turo sojan gaban sarauniya, ka jera wasu a gefensa, ka gina katanga ka zauna a bayanta. Babu hari, babu ci. Na yi ta tsokanarka, wai tsufa ya sa maza sun koyi tsoro. Amsarka gajera ce: "Ina za ka ne?"

Sai a zaman makoki matarka, Hajiya Rumasa'u, ta gaya mini likita ya riga ya sanar da kai ciwonka ba na tashi ba ne kafin ka buɗe wasan. Ta ce, "Cewa ya yi, muddin wasan bai ƙare ba, dole Yashim ya rubuto."

Ashe kai ma jiran katina kake yi. Ina kewarka, Injiniya, kewar da ban san inda zan kai ta ba. Allon wasan yana kan teburina yadda ka bar shi, kuma ni ke da motsi. Na san abin da zan buga, wanda zan aika wa ne babu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Rumasa'u da yara, Kamal da Afnan, ina yi muku ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya ba ni nawa.