Ƙwan Zabon da Na Dama a Turmi

Shekara shida na yi a lakwal, makarantar boko, abu ɗaya na fito da shi: na iya dama takarda. Lissafi bai zauna ba, Faransanci ya ƙi ni na ƙi shi, jarrabawar satifika kuwa sau biyu tana kayar da ni, har baba ya ce in zo in riƙi hauya. Amma wani malami da muka yi a aji biyar, mushe muke ce musu, ya taɓa sa mu jiƙa tsofaffin kaye, littattafan rubutunmu, mu kirɓa, mu haɗa da kunun rogo, mu gina duwatsu a kan katako. Dutsena ya fi na kowa tsayuwa. Ranar kaɗai aka taɓa kirana gaban aji ba don bulala ba.

A ajin nan akwai taubashina, ɗan gwaggona. Nasa dutsen kamar kashin saniya ya fito. Shi ne kuma ya ci jarrabawa, ya yi sakatare a wani buro, ofishin gwamnati, a Magarya shekara da shekaru, ya aje aiki ya dawo ƙauye da tumbi da tabarau. Ni ina nan da gona mai yashi da zabi tara.

Zabin nan su ne abin da na mallaka. Da damina ta sauka suka fara ƙwai a ƙarƙashin rumbu, bayan danga. Zabuwa ba ta iya kwanci na kirki ba, sai ka tara ƙwan ka sa wa kaza. Ƙwai ashirin nake so in sa wa kazata. In lokaci ya wuce, 'ya'yan ba za su yi ƙwari ba kafin sanyi, shekara ta tafi ke nan. Kuma ba a sa hannu a gurbin zabuwa. Da ludayi ake ɗiba, a bar mata uku don kada ta canza wuri.

Sai ƙwai ya fara ɓata. In dawo gona da azahar in tarar da uku cif a gurbi, kullum uku. Maciji ba ya barin uku. Na duba ƙasa, ga sawun takalmi sau-ciki, kuma mutum ɗaya ne a garinmu ke sa shi da damina.

Na sami taubashin nawa a gindin bishiyar bedi yana sakace.

"Bawana," na ce, "ƙwan zabi na da daɗi?"

"Ranka ya daɗe, sarkin ziro," ya ce, "ban ci ko ɗaya ba. Tara su nake, ran kasuwar Bande in kai. Kayan ɗan kawu ai nawa ne. Je ka gaya wa mai gari."

Ya san ba zan je ba. Abin da taubashi ya yi maka wasa ne. In ka kai ƙara kai za a yi wa dariya, in ka yi fushi gwaggo ta ce ka yanke zumunci. Abin da ya rage maka kawai ka rama da irin nasa.

Da bawana ya bar aiki ya kwaso buhun tsofaffin takardu, ya ba matata tana naɗe ƙosai. Na zazzage buhun. Rabinsu wasiƙu ne, kowace da sa hannunsa a ƙasa, ƙato, mai jela kamar ta ɓera. Na ware waɗannan gefe. Sauran na yayyaga na jiƙa kwana biyu, na zuba a turmi.

"Malam, turmin da nake daka fura?" in ji matata.

"Zan wanke."

"Da girmanka kana wasan ƙasa. In an zo nemanka me zan ce?"

"Ki ce ina buro."

Na dama garin rogo ya yi kauri kamar talge, na jefa ɗan ƙaro. In ya yi ruwa ba ya kamawa, in ya yi tauri sai ya tsage. Hannuna bai manta ba. Kowane ƙwai na sa masa tsakuwa a ciki don nauyi, na mulmula, na fitar masa da tsini irin na ƙwan zabo. Na farko akuya ta cinye shi a kan tabarma. Sauran na shanya a saman rumfa. Da suka bushe, na yanko sa hannun bawana na liƙa wa kowane, na shafe da farar ƙasa da aka sirka da ja. Ɗigo-ɗigon nan na jikin ƙwai kuwa goro na tauna na fesa. Matata ta ɗauki ɗaya ta jinjina, ta dube ni, ta aje a hankali kamar kada ya fashe. Wannan yabo ne a wurinta.

Daga ranar na daina kaiwa azahar a gona. Zabi na tashi daga gurbi sai in kwashe na gaske da ludayi, in jera nawa, in laɓe bayan rumbu. Ya zo da ludayinsa, har da bisimilla, ya ɗiba ya bar uku.

Ran kasuwa ya ɗaura kwando a moto, ni na bi amalanke. Masu sayen ƙwai a Bande ba sa yarda da bakin kowa. Roba ce cike da ruwa a gabansu: wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso ya lalace. Na tsaya bayan mai goro ina kallo. Mai saye ya zuba guda goma, duk suka nutse. Bawana ya gyara tabarau yana cewa zabinsa gero zalla suke ci. Can ruwa ya fara yin ja.

"Alhaji," in ji mai saye, "ƙwanka na zuba."

Ya tsamo ɗaya ya murza da babban yatsa. Ɓawo ya saluɓe, ga rubutu. Wani tela da ke kusa ya leƙo ya ce, "Kai! Wannan ai sa hannun Sakatare ne, shi ya sa mini a takardar haihuwar 'yata." Aka tsamo na biyu, shi ma haka. Wata mai nono ta ce ita dai ba ta taɓa ganin zabuwar da ta yi lakwal ba. Mutane suka taru, kowa na son a ba shi ɗaya ya kai gida.

Ya ɗaga kai ya hango ni. Na ɗaga masa hannu.

"Sannu da kasuwa, bawana. A buga musu hatimi mana, kada a ce na jabu ne."

Fushi yake so, ba hali, mutane na kallo kuma sun san abin da ke tsakaninmu. Dole ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori ba.

Sawun sau-ciki bai sake zuwa bayan rumbuna ba. Na cika ashirin na sa wa kaza, ta fito mini da sha shida, shaho ya ɗauki biyu. Ƙwan gasken da ya kwashe tun farko bai dawo da ko ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Abin haushin shi ne har yau in na kai ƙwai Bande, na kowa tsomawa ɗaya ake yi a tsame, nawa sai an bar shi a ruwa an je an yi sallah an dawo.