Sikin Malam Gide da Taku Sittin na Yashi

In kun taɓa kai keken ɗinki gyara bakin kasuwar Ƙanƙara, to kun san Malam Gide. Shi ne mai faɗin ƙirjin nan da ke zaune ƙasa bisa buhu, kawunan keke jere gaban shi kamar 'yan makaranta. Ƙafafun shi shan inna ta tafi da su tun yana shekara huɗu. Hannayen kuwa, kar ka yarda ku gaisa yana cikin raha, sai ka wuni kana miƙar da yatsu.

Mutumin Yargoje ne. Can yana da keken guragu shuɗi mai taya uku, da shi yake zuwa har Ketare gyara, ba ya tambayar kowa komai. Ranar da mutanen daji suka shigo masu, ƙanen shi Audi ya sunkuce shi ya aza bisa mashin, matar shi Lauratu ta bi 'yan gudu da ɗiyarsu a goye. Keken ya zauna gindin dalbejiya. Shekara biyu ke nan. Wa zai sa ran shi a hanyar nan don ɗauko keke?

Ɗakin da suka samu a Ƙanƙara yana can ƙarshen wani lungu mai gangare. Duk damina ruwa ke kwaso yashi ya jibge a ciki, har ya kai ƙwauri. 'Yan acaba ba su shiga, bakin kwalta suke sauke mutum su ce Allah ya kiyaye. Daga ƙofar gida zuwa kwalta taku sittin ne, Audi ya sha ƙirgawa. Gide ya haɗa wa kan shi ɗan allo mai tayoyin boris huɗu, in ya hau kwalta da shi ko mai keken hawa sai ya yi da gaske. Amma cikin yashi tayoyin nutsewa suke, dam, kamar an dasa su. Ya gwada rarrafe sau biyu da jakar kayan aiki a wuya. Hannu ya shige har gwiwa, yashi ya ɗau zafi, ya iso kwalta kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, ranar ko sukurudireba bai iya juyawa ba.

Saboda haka Audi ke goya shi. Safe ya fitar da shi, yamma ya maido shi. Shekara biyu, namiji ɗan arba'in da ɗaya yana kallon ƙeyar ƙanen shi.

Sai Audi ya samu aikin gadi a Abuja. Asabar ta sama zai tafi.

“Yaya, in ka ce in zauna, wallahi sai in zauna,” in ji Audi.

“Ka zauna ka yi mi? Ka zama jakina har tsufa? Tahi abinka.”

Lauratu na tankaɗe a tsakar gida, ta ce, “To ni ba mutum ba ce? Buhun masara nawa na ɗauka a Yargoje? Ni sai in goya ka, Baban Zahra'u.”

Gide bai ko dube ta ba. “Gari duk shi fito shi ga matata ta goya ni kamar jinjiri? In mutu cikin ɗakin ga ya fi mani.”

Kuma ta san shi. In ya ce zai zauna a ɗaki, zama zai yi, kekunan mutane su yi tsatsa a rumfa, shi ma ya yi tare da su.

To, ga inda abin ya ɗau wata hanya. Gide na da wata jaraba da ba wanda ya gane kanta: in ya sa data, bidiyon Turawa masu zamiya bisa dusar ƙanƙara yake kallo. Siki ake ce ma abin, dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Akwai wani bidiyo guda da ya ajiye a waya, ya kalle shi ya fi sau ɗari. Wani Bature ne mai gemu yake gwada sabon siki. Ya kai shi filin da aka gina ma tudun tsalle da dogayen ƙarafa, ya hau ƙarfe ya zame, ya yi tsalle ya juya a sama ya sauka da baya, ya ci gaba da gudu da bayan kamar ba komai. Sannan ya kai shi daji, inda dusa ta zuba sabuwa, laushi kamar garin tuwo, zurfinta ya kai gwiwa. Nan ne Gide ke tsayar da bidiyon. Mutum da nauyin shi, amma bai nutse ba.

Turancin Gide bai wuce na sunayen kayan keke ba, sai dai idon makaniki gare shi. Ya lura allon na da faɗi. Ya lura kan shi a tanƙware yake gaba da baya, shi ya sa ba ruwan shi da ina ne gaba. Ya lura yana lanƙwasa ya dawo kamar bulala. Ya kuma lura in Baturen ya hau wuri mai tauri ya ƙure gudu, bakin allon sai ya riƙa kakkarwa.

Kuma ya san inda irin shi yake. Rumfar Alhaji Badamasi mai gwanjo, layi na uku daga tasha. Wata dila ce ta zo da su cikin sandunan mofa da tsoffin labule, ja da ruwan ɗorawa, an zana masu wani kare mai tabarau. Alhaji ya rasa mai saye, ya tokare tamfol ɗin rumfa da su.

“Malam Gide, mi za ka yi da wanga abu? Ko gado ba ya yi, ko ƙyaure ba ya yi.”

“Alhaji, keken Hajiya da ke tsallake zare, a kawo mani shi gobe. Ni kuma ka ba ni sandunan rumfarka.”

Alhaji ya yi dariya har da tari. “Ɗauka. Amma in ka karye, ban san ka ba.”

Kwana uku ya yi yana aiki a tsakar gida. Ya kwance ƙarafan da ke riƙe takalmi, ya aza katako mai faɗin mazauni a tsakiya. Noti huɗu kawai ya ɗaura, kusa da juna, don kar ya kashe lanƙwasar. Audi ya ce a ƙara ƙarfe daga kai zuwa kai ya yi ƙwari. Gide ya ce, “In na so abin da ba ya lanƙwasa, ai da benci na hau.”

Laraba da safe aka yi gwaji. Audi, da ya ga ƙasan allon ya bushe, ya ɗauko galan ɗin baƙin mai na mashin ya shafe shi tas kafin Gide ya fito daga wanka. A tunanin shi, duk abin da ake so ya yi santsi mai ake ba shi. Gide ya hau, ya sa silifa a hannu, ya tura. Taku biyu. Yashi ya manne ma mai, ƙasan sikin ya koma kamar an barbaɗa ma tsire yaji. Ya sake turawa har jijiyar wuya ta fito, ko motsi.

Matan maƙwabta sun leƙo ta zaure. Wani tsoho mai wucewa ya tsaya ya ce, “Halan jirgin ruwa ne ake jira damina?”

Lauratu ta dubi Audi. “Sannu injiniya. Wanda zai yi gadin Abuja ke nan? Su ko sun shiga uku.”

“Ke matar Yaya, ki bar ni da abin da ke damuna. Ke mi kika sani ban da murhu?”

Audi ya duƙa, Gide ya hau bayan shi. Suka nufi kwalta. Saura kwana uku.

Abin da Audi bai sani ba, Lauratu ma ta ga bidiyon nan, ta bayan kafaɗar miji, ya fi sau nawa. Su maza tsallen suke kallo. Ita farkon ta riƙe, inda Baturen ya kifa allon bisa tebur ya ɗauko dutsen guga. Me zai sa namiji ya yi ma katako guga? Da suka dawo da yamma suka tarar ta wanke man da omo da toka, ta shanya, ta hura gawayi a dutsen guga, tana ɗiga kyandir tana bi da dutse. Kyandir shida ta narkar. Da ya huce ta kankare da bayan wuƙa, ta goge da tsumma har yana ɗaukar ido.

Gide ya shafa da tafin hannu. Ya daɗe yana shafawa.

“Wa ya koya maki?”

“Baturenka. Kai gemun shi kake kallo.”

Asabar, Audi ya ɗau jaka bayan sallar asuba. Ya tsaya a ƙofa yana juya hula a hannu. “Yaya, bari in fitar da kai na ƙarshe.”

“Mota za ta cika. Allah ya tsare hanya.”

Da hantsi Gide ya fito zaure, ya hau siki. Allon boris bisa cinya, jakar kayan aiki a wuya. Ya yi bismilla ya tura sau ɗaya.

Jama'a, abin ya tafi. Bakin sikin ya ɗaga ya hau kan yashi, yana wani shuuu a hankali, bai nutse ba, bai tsaya ba. Inda yashin ya yi tudu ya lanƙwasa ya haye, inda ya yi kwari ya bi. Tsakiyar lungu Gide ya kafa hannun dama don ya kauce ma wani dutse, sai abin ya juya da shi gaba ɗaya, ya koma yana kallon ƙofar gida yana gudu da baya, kuma bai rage komai ba. Ya hango Lauratu a zaure, hannu bisa baki. Ya kafa na hagu ya juyo. A bakin lungu yashi ya taru ya haye kan kwalbati, sikin ya bi tudun ya tashi. Bai fi kamu ɗaya ba, amma ya tashi. Mutumin da rabon shi da iska a fuska tun keken Yargoje.

Ya sauka bisa kwalta, abin ya yi wata ƙara kamar ana yanka kwano, ya kakkarwa, ya tsaya cak. 'Yan acaba suka ɗau ihu. Gide ya sauya zuwa allon boris, ya rataya siki a baya kamar bindiga, ya nufi kasuwa yana dariya shi kaɗai.

Yamma ce ta nuna mashi sauran lissafin.

Lungu gangare ne. Da safe sauka ya yi, yanzu hawa zai yi. Ya tura, ya ci taku ɗaya, kafin ya ɗaga hannu ya sake kafawa sikin ya zame ya dawo da shi inda ya taso. Abin da ya burge shi a bidiyo, wai ba ruwan shi da gaba ko baya, shi ne yanzu ya zame mashi masifa. Ya gwada a karkace. Ya gwada da sauri. Ya kai taku goma, hannu ya kuɓuce, ya dawo har kwalbati, silifa ɗaya ta tsaya can sama.

Wani ɗan acaba ya ce, “Malam, bari mu kama maka mana.”

“Na gode. Iska nake sha.”

Ya zauna nan, baya ga kwalta, fuska ga gida. Yana ganin ƙofar, yana ganin hayaƙin murhunsu. Rana ta yi ja. Masu zuwa masallaci suka fara ratsa shi suna sannu. Ya fara tunanin gobe: in ya samu ya shiga yau, ba zai ƙara fitowa ba.

Sai ga Lauratu ta fito da hijabi, da wani abu naɗe a kafaɗa. Ya ɗaure fuska tun daga nesa.

“Na faɗa maki ba ki goya ni.”

“Wa ya ce zan goya ka? Bayan nawa na banza ne?”

Igiyar rijiya ce, biyu ta haɗa, ta yi mata ƙulli duk kamu biyu. Ta ɗaure kan a turken ƙofar zaure, ta taho tana warwarewa har ta jefa mashi ƙarshen bisa cinya. Ta ɗauki silifar shi ta juya.

“Ja kanka. Ni tuwona na bisa wuta.”

Ya riƙe igiyar. Ƙulli ɗaya, ƙulli biyu. Wannan aikin hannu ne, kuma hannu ba a koya ma Gide shi. Sikin ya bi shi a hankali kamar akuya. Kafin a tada sallah yana zaure, yana haki, tafin hannu ya yi jawur.

Yau wata huɗu ke nan haka yake fita, haka yake shiga. Igiyar na nan kwance gefen katanga, mutanen lungu sun saba tsallake ta. Duk Juma'a Lauratu na hura gawayi ta narka kyandir. Amma yashi ba dusa ba ne, ci yake. Ƙasan sikin ya fara yin fari, wani wurin har katakon ciki ya leƙo. Alhaji Badamasi ya ce ya tambaya har Katsina, ba a ƙara ganin irin shi a dila ba. In an yi ruwan farko kuma lungun nan rafi yake komawa.

Ran nan wani ya tambaye shi a rumfa, to in ya cinye fa? Gide yana ɗaura ma wani keke bel ɗin da ke juya shi, bai ɗago ba. Ya ce a miƙo mashi sifana mai lamba goma.