Birkin Motar Bappa

Tun daga kwanar layinmu a Luggere ake sanin Bappa ya dawo. Ba hon yake yi ba. Birki kawai zai taka, motar ta saki wani ƙurrr kamar ana kankare ƙasan tukunya da dutse, kaji su watse, mai shagon kusa da mu ya yamutsa fuska. Duk layi na ji, ban da mai motar.

Bappa yayan babana ne, a gidansa na zauna lokacin ina jami'a. Ya yi ritaya daga sakatariya, tsohuwar motar nan ce kaɗai ta rage masa ta fita. Masallaci da ita, suna da ita, ko ba dalili ma ya zaga Jimeta ya dawo. Kunnensa kuwa ya daɗe da fara tafiya. Amma a gidanmu ba a ce wa babba "ba ka ji ba". In ka tambaye shi shayi ya ba ka amsar siyasa, sai ka ce "haka ne, Bappa," ka wuce. To wa zai ce masa birki na kuka? Daidai yake da ka ce masa kurma ne.

Hamma, babban ɗansa, shi ba kunya ce ta rufe masa baki ba. Makullin yake so, tun tuni. Ya ce min mu bar ƙarfen ya ci ya ƙoshi tukuna, sannan a yi maganar a gaban mutane, inda tsoho ba zai iya musu ba. Ni kuma kullum daga wannan keke mai ƙafa uku zuwa wancan, in isa lakca na jiƙe sharkaf da gumi. Hamma ya ce in mota ta dawo hannunsa, an gama da wannan wahalar. Na ce ina ciki, ba ja.

Aikina a shirin shi ne ɗaukar bidiyo. Duk ranar da Bappa ya rage min hanya, ina baya, waya a cinya, yatsa a shirye. Wanda ya fi kashe ni shi ne na bakin kasuwa. Ya taka birki, motar ta yi kukanta, masu keke suka hau ihu, "Baba, motarka yana kuka, Baba je gareji!" Shi kuwa ya ɗaga musu hannu da fara'a, ya ce lafiya lau, ya gode, a gai da gida. Kafin mu bar wurin na riga na tura guruf ɗinmu na yaran gida, wanda babu babba ko ɗaya a ciki. Ranar har sitika aka yi da hannun nan nasa.

Abin da kunne ya kasa, ƙafa ta gaya masa. Fedar birki ta fara rawa a tafin ƙafarsa, sitiyari na karkarwa, da kansa ya ce zai leƙa gareji a Limawa. Hamma ya ce mu raka shi, kuma a ɓoye ya sa aka ɗauko Goggo daga cikin Yola. Goggo yayar Bappa ce, Adda yake ce mata, ita kaɗai ce a duniya take yi masa magana ya sunkuyar da kai.

Makaniken mutumin wajen Numan ne, ya daɗe yana duba motar. Ya sa jek, ya cire tayar gaba, ya zaro fad ɗin birki. Babu komai a jikinsa, sai tsuran ƙarfe yana sheƙi. Faifan da fad ke kamawa kuwa ya yi layi-layi, farce na faɗawa ciki. Ɗayan ɓangaren ma haka. Ya ce fad na gaba duka sai an canza, faifan ma ya ci da yawa, gogewa ba za ta yi ba. Mutumin kirki ne, har ya so ya rufa asiri, yana cewa wani lokaci yashi ke shiga ya ɓata da wuri. Hamma ya ƙi. Ya tambaye shi da ƙarfi, kowa na ji, tun yaushe mota irin wannan za ta fara ƙara. Makaniken ya sosa wuya ya ce gaskiya ya kwana biyu.

Bappa dai ya ga ana ta magana ana kallonsa. Aka maimaita masa kusa da kunne. Ya ce, "Ba ta taɓa ƙara ba. Ai da na ji."

Nan Hamma ya ƙyafta min ido. Na kunna bidiyon, na ƙure sautin, na miƙa wa Goggo wayar. Ƙurrr ɗin nan ya cika gareji, ga masu keke na ihu, ga Bappa na gaishe su. Masu jiran gyara suka fashe. Bappa ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowa na dariya, sai shi ma ya yi, don kada a bar shi a baya. Wallahi sai da na dafa mota.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta matso ta kafa baki a kunnensa, ta faɗa masa da Fulatanci, da muryar da har tsallaken titi an ji, cewa kunnensa ya mutu, kuma ba za ta zauna ya kashe ɗan mutane ba. Ta miƙa hannu.

Ya ce, "Adda, idona fa lafiya lau."

Hannun bai sauka ba.

Makullin motar na zobe ɗaya da na ɗakinsa. Ya daɗe yana fama ya raba su, farcensa na zamewa, ba wanda ya taya shi. Da makullin ya fita, Goggo ta karɓa ta ba Hamma ko kallonsa ba ta yi ba.

Da aka gama ɗaura sabbin kaya, makaniken ya ce a riƙa taka birkin a hankali har ya zauna. Hamma ya shiga mazaunin direba. Ni na yi wuf na kama gaba, na daidaita madubi na gyara ɗankwali. Bappa na baya kusa da Goggo, hula a gwiwa. Motar shiru, luf, kamar sabuwa. Sai na lura duk inda muka tunkari mahaɗa, ƙafarsa ta dama na danna ƙasan motar, yana taka birkin da babu. Na juyo da waya ta tsakanin kujeru na ɗauka. Kafin mu kai Luggere guruf ya kama da wuta.