Karin Hular Malam Sabo

Ku da kuka zauna a layinmu na Yalwawa ba sai na faɗa muku ba, babu macen da ke cika randa da safe sai ta leƙa ta ga hular Malam Sabo. Da gari ya yi haske zai fito da ɗan kofinsa na gilashi, wanda ya girme wa wasunku, ya tsaya a famfon bakin masallaci. Ya buɗe, ya bari ya ɗan zuba, ya tara. Ya ɗaga kofin ya kalli gabas da shi, ya shinshina, sannan ya ce, "To, bari mu ji ta bakinsa." Ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai ciwon haƙori, ya tofar. In ya karya hula dama, a sha. In ya karya ta hagu, a tafasa. Shi ke nan fa! Layi guda, har da masu digiri, kowa yana bin karin hular tsoho.

Ni kuwa, Hamisu mai gyaran famfo, wallahi abin yana ci mini rai. Ba zan ɓoye muku ba don ya rasu. Ni na yi makarantar koyon sana'a, takardata tana nan a bango cikin gilashi. Rabin bututun layin nan da hannuna na binne su. Shi fa? Mai haƙar rijiya ne daga wani ƙauye can wajen Buji, da ƙarfi ya ƙare ya dawo gari ya zauna gidan ɗansa. Ko sifana bai iya riƙewa ba. Amma in famfo ya fashe a ce a kira Hamisu, in ana son a san ko ruwa zai shawu a ce a dubi Malam. Ni ne na taɓo, shi ne na girma.

Har cikin gidana abin ya shigo. Wata safiya na ce wa matata, "Binta, ruwan yau fes yake, cika randa."

Ta ce, "To, Maigida." Sai na ga ta ɗauki mayafi ta nufi ƙofa.

Na ce, "Ina kuma za ki?"

"Leƙawa kawai zan yi."

"Leƙen me? Ba na ce miki fes yake ba?"

Ta ce, "Ai na ji. So nake in ga ko hular ma ta ji."

Ku ji fa! Shekara talatin muna tare, amma maganata sai hular wani ta sa mata hannu.

Shi kuma ba ya kirana da komai sai Injiniya. "Injiniya, an tashi lafiya?" Yana faɗa yana murmushi, ka rasa yabo ne ko zolaya. Na taɓa zaunar da shi na yi masa bayanin maganin da ake sa wa ruwa, da yadda ake tace shi, da yadda ake auna shi. Ya saurara tsaf har na gama, sai ya ce, "Madalla. To duk wannan da ka faɗa, ruwan ya sani?"

Ga tsumulmula. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya sayi ruwan leda ba. In an miƙa masa a wurin ɗaurin aure sai ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Wannan kuma laifin me ya yi aka ɗaure shi?" Ya jefa a aljihu. In ya dawo gida ya huda ya zuba wa ɗan barkononsa na bayan ɗaki. Kofin nan nasa ya taɓa tsagewa a baki, jikarsa ta sayo masa sabo daga kasuwa. Ya ce a mayar, sabon bai san ruwan Dutse ba.

Kun tuna lokacin da wanzami ya yanke shi? Askin Juma'a ne, aska ta zame ta shafto shi a gefen dama, daidai inda karin hula yake sauka. Wurin ya kumbura. Na ce a raina, yauwa, yau za mu ga iyakar tsiya. Dole ya karkata ta hagu don ciwon, mata su ƙone itacensu a banza, ni kuma in fito in ce ga abin da nake faɗa. Har da wuri na fito don kar a ba ni labari. Sai ga shi ya kurɓa, ya tofar, ya danna hular nan dama a kan ciwon, yana cije baki, idonsa har da ƙwalla.

Na ce, "Haba Malam, ka sassauta wa kanka mana. Kowa ya san an yanke ka."

Ya ce, "Injiniya, kaina ne ba lafiya, ruwa lafiyarsa ƙalau. Me ya haɗa su?"

Kwana huɗu yana haka, har hular ta yi tabon jini. Na koma gida ina tsaki, don ko ciwo ya yi sai ya zame masa abin yabo.

Da abin ya ishe ni na shirya masa tarko. Bayan la'asar ne, dattawa suna zaune a inuwar darbejiyar nan. Na fito da kofi uku a faranti. Ɗaya ruwan burtsatse na sa aka ɗebo mini tun daga Takur, ɗaya ruwan leda na juye, ɗaya na famfon layinmu. Na ce tun da ana ta zuzuta harshe, to ga fili. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce bari mu ji ta bakinsu.

Ya kurɓi na farko. "Wannan daga ƙasan dutse ya fito, ba na unguwar nan ba ne. Ya sha hanya a jarka, jarkar kuma an taɓa zuba mata manja."

Na biyu ko kurɓa bai yi ba, shinshinawa kawai. "Wannan fursunan nan ne, an sake shi."

Mutane suka fashe da dariya. Ya ɗauki na uku, ya daɗe yana juya shi a baki. Na ce to, ya shiga hannu. Ya tofar ya ce, "Namu ne na layi. Amma kofin kai ka wanke shi, ba Binta ba. Ita tana ɗauraye sabulu."

Har liman sai da ya riƙe ciki. Na kwashi farantina na shige gida, kwana biyu a wani masallacin na yi ta salla.

To, yanzu ga abin da ya sa na tsayar da ku. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Binta yau za ta fara ji.

Kun tuna shekarar da 'yata Rabi ta yi haihuwar fari a gidanmu? Kafin nan na ja sabon bututu daga babban layi zuwa tsakar gida, na kafa famfo mai kai biyu. Babu wanda ban nuna wa ba. Na ce ku zo ku ga aikin mai takarda. Ana gobe suna, an yi kwana biyu babu ruwa, sai ya dawo da sassafe. Malam ya ɗanɗana na bakin masallaci ya karya hula dama kamar kullum. Binta da ƙawayenta suka cika durom biyu daga sabon famfona, za a yi zoɓo da kunun aya na taron gobe. Kunun aya kuwa kun sani, ba ya ganin wuta.

Da hantsi Malam ya zo yi mini barka. Muna zaure, Binta ta aiko masa da ruwa a moɗa. Ya yi bisimilla ya kai baki. Sai na ga ya tsaya. Bai haɗiye ba. Ya tashi ya je bakin ƙofa ya tofar, ya dawo ya zauna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Injiniya, bututunka ya sha kwata."

Na ce, "Wane bututun?"

"Naka. Sabon."

Jini ya hau mini kai. Na ce, "Malam, ka kiyaye ni. A gidana, ranar farin cikina? Ruwan da kai da kanka ka wanke ɗazu a masallaci?"

"Na masallaci daban. Wannan ya biyo ta wani wuri kafin ya iso. Akwai ƙazanta a bakinsa."

Na ɗauki moɗar na duba. Garau yake, wallahi, kamar hawaye. Na kurɓa, ban ji komai ba. Na ce baƙin ciki ne kawai yake yi da aikina.

Ya ce, "Na ji. Gobe mutum nawa za su sha? Har da masu ciki, har da yara. Ka shiga ka gaya wa Binta a tafasa duka."

Ta yaya zan shiga gaban matan layi, waɗanda na tara na nuna wa famfo, in ce aikina ne ya ɓata ruwa? Wa zai ƙara kirana gyara? Da sifanar nan nake ci da gidana. Na zauna ina kallon ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Ya daɗe yana dubana. Sai ya sa hannu ya mayar da hularsa hagu, ya tashi ya fita.

Ku kun gan shi ranar. Ya bi layin nan daga bakin titi har ƙarshensa, ya dawo, a hankali, hannu a baya. Bai taɓa canza kari da rana ba, sai ranar. Kafin ya kai gida hayaƙi ya tashi a kowane gida. Na ji Binta daga ciki tana cewa, "Ku sauke komai, Malam ya juya! A ɗora durom ɗin nan a wuta!" Duk wanda ya tare shi ya tambaya, amsa ɗaya yake bayarwa, "Akwai ruwan da ke da magana yau." Bai ce na wane gida ba, bai kuma yi ƙarya ba.

Da rana ta take, kowa ya shige ɗaki, sai ga shi da tsohon sunguminsa na haƙar rijiya. Muka zagaya bayan gidana. Ya bi ƙasa da ido, ya nuna wuri, ya ce a nan. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, shi ya yi haƙar, ni ina tsaye ina kallo. Muna kaiwa sai ga abin kunyata. Wurin da bututu biyu suka haɗu, dab da kwatar bayan gida, ranar da nake aikin, gam ɗin liƙewa ya ƙare mini, na naɗe shi da robar tayar keke na ce gobe zan dawo. Na manta, na rufe da ƙasa. Da aka ɗauke ruwa sai bututun ya zuƙi abin da ke gefensa.

Ya leƙa ramin, ya dube ni, ya ce, "Injiniya, wannan a shafi na nawa yake a takardar?"

Ban iya ko dariya ba. Na gyara, muka rufe, ya tafi da sunguminsa. Aka yi suna lafiya, kowa ya sha ya ƙoshi, babu wanda cikinsa ya ko murɗa.

Amma abin bai tsaya nan ba. Hajiya Ladi ta gidan kwanar layi ta ƙone itacen mako guda a ranar, ga shi surukanta sun sha nasu ba tafasawa ba abin da ya same su. Ta fito tana faɗa, "Harshen Malam ya tsufa! Ya sa mu wahala a banza!" Magana ta bazu. Daga nan wasu suka daina leƙen hula. Samari suka riƙa karkata tasu hagu in ya wuce suna dariya. Ni kuma, Allah ya yafe mini, da aka faɗa a inuwar darbejiya, har da ni aka yi dariyar. Har wani daɗi na ji, wai yau an taɓa shi. Yana zaune yana jina. Ya dube ni kawai ya ce, "Injiniya, ya jikar tamu?"

Shekara shida ya yi bayan nan, kullum yana fitowa da kofinsa, ko an kalla ko ba a kalla ba. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa, shi da ba ya barin zolaya ta wuce shi. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan faɗa, irin goben robar nan.

Jiya ɗansa ya kawo mini kofin a naɗe cikin tsumma, wai Malam ya ce a ba Injiniya. Yau da safe na je bakin masallaci na tara, na ɗaga, na shinshina, na kurɓa. Ruwa kawai na ji. Har yanzu ina jin haushinsa, wallahi. Ya fi ni harshe, na haƙura, sai kuma ya zo ya fi ni zuciya.

Don haka a kai wa Hajiya Ladi saƙo, ta janye maganarta. Harshen Malam Sabo bai tsufa ba ko kwana ɗaya. Ruwan gidana ne, aikin hannuna ne, shi kuma ya ɗora kunyata a kan hularsa ya yi ta yawo da ita har kabari. Wanda zai daina kirana gyara ya daina.

Allah ya jiƙan Malam. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Shi. Allah ya ba shi littafinsa a dama, ya shayar da shi daga Alkausara, ruwan da ba sai an ɗanɗana ba. Amin.